Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Al'ummarmu Mazauna Amurka Kan Haƙƙin Mutum A Gaban 'Yan Sanda

Zuwa ga shugabannin ƙungiyoyi, limamai, malamai da dattawan al'ummarmu masu jin Hausa da ke zaune a Amurka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, na rubuto ne domin in roƙe ku abu guda, kuma na zaɓi in yi roƙon a bainar jama'a saboda batun ya wuce masallaci ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Duk ɗan'uwan da ya sauka a ƙasar nan a hannunku yake fara faɗawa. Ku kuke nema masa wurin kwana, ku kuke haɗa shi da wanda zai ba shi aiki, ku kuke sasanta shi da iyalinsa idan an samu saɓani, in ta Allah ta kasance kuma ku ne a sahun gaba wajen jana'iza. Abin da na lura ba mu koya wa baƙonmu shi ne yadda zai yi idan ɗan sanda ya tsayar da shi a hanya ko ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, da abin da doka ta wajabta masa ya bi, da abin da ta ba shi ikon ya ƙi. Roƙona shi ne ku sa wannan cikin abubuwan da ake karantar da jama'a a kai a kai, kamar yadda ake karantar da su hukuncin zakka da na gado.

Dalilin da ya sa nake ganin abin ya fi shafarmu shi ne irin tarbiyyar da muka taso da ita, wadda ni kaina nake alfahari da ita. An koya mana cewa bin na gaba bin Allah ne, an koya mana sunkuyar da kai a gaban hukuma, kuma kalmar a'a tana yi mana nauyi a baki idan babba ne ya nemi abu a wurinmu. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa, kafin mu tambayi ko wane ne mun riga mun ce bismillah, a shigo. Idan mai kaki ya ce bari in duba jakarka, amsar da take fara fitowa ita ce to, ba komai, domin a ganinmu ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Duk wannan ladabi ne a wurinmu, amma kotun Amurka ba da sunan ladabi take karanta shi ba. A wurinta wanda ya ce to ya amince, wanda ya amince kuwa ya sarayar da kariyar da tsarin mulki ya ba shi, kuma da wuya alƙali ya saurare shi daga baya idan ya ce kunya ce ta sa shi, ko bai san yana da damar ƙi ba.

Kariyar da nake nufi tana cikin gyara na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Amurka, ɗaya daga cikin gyare-gyare goma na farko da aka tabbatar a watan Disamba na 1791. Abin da ya ƙunsa shi ne mutane suna da haƙƙin samun aminci a jikinsu da gidajensu da takardunsu da kayansu daga bincike da kamu marasa dalili, kuma ba za a ba da waranti ba, wato takardar izinin bincike ko kamu daga alƙali, sai da ƙwaƙƙwaran dalili da aka yi rantsuwa a kansa, tare da bayyana ainihin wurin da za a bincika da mutumin ko abin da za a kama. Waɗanda suka rubuta wannan sun ɗanɗana kuɗarsu a zamanin mulkin Ingila, lokacin da jami'an kwastan na sarki suke yawo da takardar izini guda wadda ba ta ambaci sunan kowa ko gidan kowa ba, su faɗa duk inda suka ga dama da sunan neman kayan fasa-ƙwauri. A 1761 wani lauya mai suna James Otis ya tsaya a kotu a Bostan ya ƙalubalanci irin waɗannan takardu. Bai yi nasara ba a ranar, amma bayan shekara 30 abin da ya yi jayayya a kansa ya shiga tsarin mulki. Kalmar da aka rubuta kuwa ita ce mutane, ba a ce masu fasfon Amurka kaɗai ba, saboda haka mai katin zama na dindindin da ɗalibi da baƙon da ya zo ziyara duk suna iya cewa ba su yarda a caje su ba, kuma suna iya yin shiru.

Rubutu a takarda ba ya tsare kowa sai an sa masa haƙori, kuma wata mace ce ta zama sanadin haƙorin. A 1957 'yan sanda suka je gidan Dollree Mapp a birnin Kilibland na jihar Ohayo suna neman wani da ake zargi, ta kira lauyanta ta waya, ta ce ba za su shiga ba sai da waranti. Bayan wasu awoyi suka dawo da yawa, suka fasa ƙofa, suka nuna mata wata takarda da suka ce waranti ce, wadda ba a taɓa gabatar da ita a kotu ba. A 1961 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hujjar da aka samo ta haramtaccen bincike ba za a yi amfani da ita a kan mutum ba a kotunan jihohi, kamar yadda aka riga aka hana a kotunan tarayya tun 1914. Ina so ku lura da abin da ya ceci wannan mata, wato ta faɗa da bakinta cewa ba ta yarda ba. Da ta matsa gefe ta ce su shigo, da babu shari'ar da za a yi.

Akasin wannan shi ne abin da ya faru da wani mai suna Bustamonte a Kaliforniya. An tsayar da motar da suke ciki su shida da tsakar dare saboda fitila ta mutu, ɗan sanda ya tambayi ɗaya daga cikinsu, ɗan'uwan mai motar, ko zai iya dubawa, shi kuma ya ce a duba, har ya taimaka wajen buɗe but. A ƙarƙashin kujerar baya aka samu wasu cakin banki na sata, aka ɗaure Bustamonte, wanda ko bakinsa bai buɗe ba a wajen ba da izinin. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli a 1973, sai ta ce ba dole ne ɗan sanda ya sanar da mutum cewa yana da ikon ƙi ba, muddin dai ba tilasta shi aka yi ba. Mai shari'a Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a wannan kotu, ya ƙi amincewa da hukuncin, yana mai cewa bai ga yadda za a ce mutum ya zaɓi barin haƙƙin da bai ma san yana da shi ba. A ganina shi ne yake da gaskiya, amma ra'ayin masu rinjaye shi ne doka har yau. Ma'anar wannan a gare mu ita ce hukuma ba za ta koya wa ɗan'uwanmu haƙƙinsa a bakin hanya ba, kuma idan ba ku koya masa a zaure ba, babu mai koya masa.

Bari in fara da gida, domin nan ne kariyar ta fi ƙarfi, kuma nan ne muka fi saurin zubar da ita. Asalin doka shi ne ɗan sanda ba ya shiga gidan mutum sai da warantin da alƙali ya sa wa hannu, ko da izinin mai gida, ko kuma a halin gaggawa, kamar jin ihun wanda ake cutarwa a ciki, ko bin mai laifin da ya gudu ya shige. Mutum yana iya magana da su ta bayan ƙofa, ya nemi a turo masa takardar ta ƙarƙashin ƙofa ko a nuna masa ta taga, ya duba ko akwai sunan kotu da sa hannun alƙali, ko adireshin nasa ne, da abin da aka ce a nema. Idan waranti ne na gaskiya, to ya ba da hanya, kada ya tare ƙofa, amma yana iya faɗa cewa bai yarda a wuce abin da takardar ta ambata ba. Idan kuwa ya buɗe ya ce su shigo su zauna, duk abin laifin da idonsu ya gani a fili suna da ikon ɗauka, ko da ba shi ya kawo su ba.

Yawancin mutanenmu a manyan birane haya suke yi mutum uku ko biyar a gida ɗaya, shi ya sa wannan ɓangare yake buƙatar bayani na musamman. Mai gidan haya ba shi da ikon ba da izini a bincika ɗakin ɗan haya, haka ma ma'aikacin otal game da ɗakin baƙo. Amma abokin zama yana da ikon ba da izini a kan wuraren da ake tarayya a cikinsu, kamar falo da kicin. A 2006 Kotun Ƙoli ta ce idan mutum biyu suna tsaye a ƙofa, ɗaya ya yarda ɗaya ya ƙi, to ƙin ne yake rinjaye, sai dai a 2014 ta ƙara da cewa idan an tafi da wanda ya ƙi bisa ƙa'ida, wanda ya rage yana iya ba da izini. Saboda haka ilimin mutum ɗaya a gida bai wadatar ba. Maigida yana iya sanin haƙƙinsa tsaf, amma yana wurin aiki lokacin da aka ƙwanƙwasa, wadda za ta buɗe ita ce uwargida, ko tsohuwar da aka kawo ta riƙe jikoki, ko yaro ɗan shekara goma da ya fi kowa jin Turanci a gidan.

A kan titi abin ya fi sarƙaƙiya. Ɗan sanda yana da damar ya matso ya yi wa kowa magana, kuma wanda aka yi wa maganar yana da damar ya wuce abinsa idan ba tsare shi aka yi ba. Hanyar rarrabewa ita ce mutum ya tambaya cikin natsuwa ko yana da izinin tafiya, idan aka ce e, ya tafi a hankali ba da gudu ba. Tun hukuncin shari'ar Terry a 1968, an yarda ɗan sanda ya tsare mutum na ɗan lokaci idan yana da zato mai tushe, wanda zai iya bayyana dalilinsa, cewa ana shirin aikata laifi, kuma ya shafa saman tufafinsa idan yana da dalilin zaton akwai makami. Shafawar ta neman makami ce, ba izinin zazzage aljihu da jaka ba ce. A wasu jihohi doka ta tilasta wa wanda aka tsare haka ya faɗi sunansa, kuma Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan doka a 2004, shi ya sa ya kamata kowace al'umma ta san dokar jihar da take zaune.

Ba zan ɓoye muku cewa an sha yin wasa da wannan iko ba. A shari'ar da aka yi da birnin Niyok, wadda mai shari'a Shira Scheindlin ta yanke a 2013, an nuna cewa daga 2004 zuwa tsakiyar 2012 an tsayar da mutane kimanin sau miliyan 4.4, fiye da rabinsu baƙar fata ne, kuma kashi 88 cikin 100 an sallame su ba tare da kamu ko sammaci ba. Kotun ta ce yadda ake gudanar da abin ya saɓa wa tsarin mulki. Dattawan da suka daɗe a Buronks, wani yanki na birnin Niyok, kuma ba su manta da Amadou Diallo ba, matashi ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, ɗan tireda, wanda 'yan sanda huɗu masu farin kaya suka harba wa harsashi 41 a ƙofar gidansu a daren 4 ga Fabrairu 1999, guda 19 suka same shi, alhali walat ɗinsa ya ciro. Kotu ta wanke su a shekarar da ta biyo. Na kawo wannan ne domin kada wani ya fahimci wasiƙata a matsayin kiran a yi fito-na-fito. Haƙƙin da nake magana a kansa da baki ake kare shi, hannu kuwa ya tsaya inda ake ganinsa, kada a kai shi aljihu sai an faɗa kuma an ba da izini, kada a gudu, kada a fizge, ko da mutum ya tabbata zaluntarsa ake yi. Wurin ƙwato haƙƙi gaban alƙali ne, kuma sai mai rai yake zuwa can.

Da yake tuƙin tasi da kai saƙo su ne sana'ar da yawa daga cikinmu, mota ita ce inda aka fi haɗuwa da 'yan sanda. Akwai wata al'ada da sababbin zuwa suke tahowa da ita, ta fitowa daga mota a tari jami'i da gaisuwa don girmamawa, kuma a nan wannan yana iya jawo a zaro bindiga. Abin da ya dace shi ne a tsaya a gefe, a kashe mota, a sauke gilashi, a ɗora hannu a kan sitiyari. Lasin da rajistar mota da takardar inshora dole ne direba ya nuna, kuma idan aka ce ya fito, ko fasinja ya fito, dole ne a fito, domin Kotun Ƙoli ta halatta hakan a 1977 ga direba, a 1997 kuma ga fasinja. Miƙa wa jami'i kuɗi don ya yi haƙuri babban laifi ne da ake ɗauri a kansa. Tun 1925 an yarda a bincika mota ba tare da waranti ba idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili, kuma tun 1996 an yarda cewa ƙaramin laifin hanya ya isa dalilin tsayarwa ko da wani abu ne daban a zuciyar jami'in. Amma duk wanda aka tambaye shi ko za a iya duba but, to ya sani zaɓi aka ba shi, kuma yana iya cewa bai yarda ba. Direban tasi bai san abin da fasinjan jiya ya yar a ƙarƙashin kujera ba, kuma wanda ya ari motar aboki bai san abin da ke cikinta ba, nan ne maganar ciki da gaskiya take gaza mutum. A 2015 Kotun Ƙoli ta kuma ce idan an gama rubuta tikiti ba a ci gaba da riƙe mutum don jiran karen sunsuna kaya ba tare da zato mai tushe ba, a shari'ar da jinkirin bai wuce minti bakwai ko takwas ba.

Wayar hannu ta samu kariya mai ƙarfi. A 2014 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka amince cewa ko an kama mutum, ba a bincika abin da ke cikin wayarsa sai da waranti, kuma a 2018 mafi rinjayensu suka ce bayanan wuraren da mutum ya je, waɗanda kamfanin waya yake ajiyewa, su ma haka ne. Kotuna sun sha bamban kan ko za a iya tilasta mutum ya buɗe waya da yatsa ko da fuska, shi ya sa lauyoyi suka fi ba da shawarar kulle ta da lambar sirri. Sai dai a filin jirgin sama da kan iyaka ƙa'idar ta sassauta ƙwarai, jami'ai suna bincika kaya ba tare da waranti ba, suna kuma duba waya, kuma mai biza da ya ƙi buɗewa ana iya mayar da shi inda ya fito.

Yanzu sai maganar shiru, wadda ita ce ta fi ba ni mamaki lokacin da na fara fahimtarta. Mu dai mun san shiru ma magana ce, amma a dokar Amurka shiru kaɗai bai isa ba. Gyara na biyar ya hana a tilasta mutum ya ba da shaida a kan kansa, kuma tun shari'ar Miranda a 1966 dole ne a gargaɗi wanda aka kama, kafin a fara yi masa tambayoyi, cewa yana da ikon yin shiru, cewa duk abin da ya faɗa za a iya amfani da shi a kansa, kuma yana da ikon samun lauya ko da ba shi da kuɗi. To amma a jihar Mishigan an zaunar da wani mai suna Thompkins kusan awa uku ana yi masa tambayoyi yana shiru, can sai jami'in ya tambaye shi ko ya yi imani da Allah, ko yana addu'a, sannan ko yana roƙon Allah ya yafe masa harbin da ya yi, sai ya ce e. Da wannan kalma aka yi masa ɗaurin rai da rai, kuma a 2010 alƙalai biyar cikin tara na Kotun Ƙoli suka ce hujjar ta zauna, domin bai taɓa furta cewa yana amfani da haƙƙinsa na shiru ba. Allah ya gafarta malamai, ku dubi wannan tambaya ku gaya mini wane ne a cikinmu za a tambaye shi ko yana roƙon gafarar Allah ya iya kame bakinsa.

Haka neman lauya yake, dole ne ya fito fili. A 1994 kotun ta ce wanda ya ce wataƙila ya kamata ya ga lauya bai nemi lauya ba. Salon maganarmu kuwa na kewaye ne, mukan ce da dai an bari ɗan'uwana ya zo tukuna, ko a ce ina ganin zai fi kyau mu jira, kuma duk wannan ba ya tsayar da tambayoyi. A sani kuma cewa tun 1969 kotu ta bar 'yan sanda su faɗi abin da ba gaskiya ba a ɗakin tambayoyi, kamar su ce abokinka ya riga ya amsa laifi, alhali shi wanda ake tambaya idan ya yi wa jami'in tarayya ƙarya laifi ne da zai iya kai shi ɗaurin shekara biyar. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi tafinta, kada kunya ta sa ya riƙa gyaɗa kai a kan abin da bai gane ba, kuma kada ya sa hannu a kan kowace takarda sai lauya ya gani. Baki shi ke yanka wuya, kuma mai gaskiya ma yana iya rikita kwanan wata ko sa'a saboda tsoro, a wayi gari rikicewar ta zama hujja a kansa.

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba akwai ƙarin abin lura. Jami'an shige da fice sukan zo da takardar da jami'insu ya sa wa hannu, wadda ba ɗaya take da warantin alƙali ba, kuma lauyoyi sun daɗe suna gargaɗin kada a buɗe ƙofa saboda ita. Doka ta wajabta wa wanda ya kai shekara 18 ya riƙa yawo da takardar rajistarsa ta zama, amma nuna takardar bogi ko da'awar zama ɗan ƙasa a kan ƙarya yana iya rufe masa ƙofar zama har abada. A kotun shige da fice gwamnati ba ta ba mutum lauya kyauta, kuma tun 1984 aka yanke cewa ƙa'idar jefar da hujjar da aka samo ta haramtaccen bincike ba ta cika aiki a can ba. Ƙaramin laifin da ɗan ƙasa zai amsa ya biya tara ya koma gida yana iya zama dalilin tasa ƙeyar mai katin zama, shi ya sa a 2010 Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauya ya sanar da wanda yake karewa wannan haɗari kafin ya amsa laifi. Wanda aka kama yana kuma da ikon neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, bisa yarjejeniyar Biyana ta 1963.

Na san wasu daga cikin iyayenmu za su ce koyar da irin wannan zai sa yara su raina hukuma, ko ya zama mafaka ga masu laifi, kuma ba na raina wannan damuwa, domin mu baƙi ne kuma muna son a san mu da bin doka. Amsata ita ce mutumin da ya ce bai yarda a caje shi ba doka yake bi, domin ikon da yake amfani da shi yana cikin babbar dokar ƙasar, wadda shi kansa ɗan sandan ya yi rantsuwar karewa. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurin masu karatun Alƙur'ani. A Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, an hana shiga gidan da ba na mutum ba sai ya nemi izini ya yi sallama, kuma an ce idan aka ce ku koma, to ku koma. A Suratul Hujurat, aya ta 12, an hana yawan zato da bin diddigin sirrin mutane. Limamin da zai yi huɗuba a kan alfarmar gida yana da abin da zai kafa hujja da shi tun kafin ya ambaci 1791. Ana iya cewa a'a da murya ƙasa-ƙasa, da ranka ya daɗe a gaba da na gode a baya, kuma kotu za ta lissafa ta a matsayin a'a cikakkiya.

Kada kuma mu yi wa jama'a alkawarin da ba zai cika ba. Faɗin ban yarda ba ba lallai ya hana a yi binciken ba, amfaninsa yana bayyana ne daga baya, lokacin da lauya zai nemi alƙali ya jefar da hujjar. Ita ma wannan ƙa'ida an rage mata kaifi, domin tun 1984 an yarda a karɓi hujja idan jami'i ya dogara da waranti da kyakkyawar niyya ko da daga baya an gano warantin ba shi da inganci, kuma ƙarar jami'i don neman diyya tana da wuya saboda kariyar da kotuna suke ba ma'aikatan gwamnati. Shi ya sa shaida take da muhimmanci. Wanda abu ya faru da shi ya rubuta lokaci da wuri da lambar jami'i da ta motarsa tun bai manta ba. Kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya da dama sun tabbatar da ikon ɗaukar bidiyon 'yan sanda a bainar jama'a muddin ba a tsoma baki cikin aikinsu ba, kuma duniya ta ga abin da bidiyon wata yarinya 'yar shekara 17 ya yi a shari'ar kisan da ɗan sanda ya yi wa George Floyd a Miniyapolis a 2020.

Abin da nake roƙo a aikace ba mai tsada ba ne. Ina roƙon kowace ƙungiya da kowane masallaci su gayyaci lauya, daga ofisoshin lauyoyin gwamnati masu kare marasa hali ko ƙungiyoyin ba da taimakon shari'a kyauta, aƙalla sau biyu a shekara, a samu tafinta ya juya bayaninsa zuwa Hausa, kuma ya yi bayanin dokar jihar da ake zaune. Ina roƙon a ware zama na mata a lokacin da zai yi musu daidai, tun da su ne a bakin ƙofa da rana, a kuma yi na samari daban, inda za a gwada abin a aikace, wani ya zama ɗan sanda wani ya zama direba, har bakin kowa ya saba. A buga ɗan ƙaramin kati da Hausa da Turanci wanda zai shiga walat, ɗauke da tambayar ko ina da izinin tafiya, da furucin ban yarda a bincike ni ba, da na zaɓi yin shiru kuma ina son lauya, tare da lambar wayar wani daga cikinku da za a iya kira ko da tsakar dare ne, kuma a miƙa wa kowane baƙo wannan kati a makon da ya sauka, tare da makullin ɗakinsa. Ni a shirye nake in yi fassarar katin in kai wa lauya ya duba kafin a buga, idan kun ba da izini.

Allah ya ƙara muku lafiya da haƙurin jagoranci. Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Ɗaya daga cikin 'ya'yanku mazauna Amurka.